Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kaduna kan Kwalejin Barewa

Mai Girma Gwamna, Sanata Uba Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na ɗauki alƙalami ne kan Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda amanarta ke hannun gwamnatinka.

Duk taron da aka yi a kan Barewa, lissafi ɗaya ake ji, na manyan da ta yaye: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari, Umaru Musa 'Yar'aduwa, a ƙara da Sardauna da Malam Aminu Kano. A tafa, a ci shinkafa, a watse. Lissafin gaskiya ne, sai dai ana tsallake abin da ya haife shi.

Da aka kafa makarantar a Katsina a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, malamai aka kafa ta don ta yaye. Sardauna ya fito a 1931 ya kama alli a makarantar Midil ta Sakkwato. Tafawa Ɓalewa ya fito a 1933 ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa, inda daga baya Malam Aminu Kano ya same shi. Shagari ma sai da ya koyar da kimiyya a Sakkwato kafin siyasa ta ɗauke shi. A wancan zamanin, yaron da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a lardinsu shi ake turawa ya zama malami, kuma gari ya girmama shi a kan haka.

A duba sunayen gidajen kwanan ɗalibai ma. Akwai na Lugard da Clifford, masu mulki, amma ga Bello Kagara, ga Nagwamatse, ga Malam Smith, ga Mort, mutanen da suka tsaya gaban allo. Makaranta ta san waɗanda suka gina ta. Ta yi hijira sau biyu, zuwa Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta sauya suna har ta tsaya a kan Barewa a 1971. Gini ya sauya, gari ya sauya, amma darajarta ba ta zube a hanya ba, domin malamanta na tafe da ita.

To ranka ya daɗe, roƙona na farko ke nan. Gyaran aji da fenti abu ne mai kyau, kuma shi ya fi fitowa a hoto, amma ina roƙon a fara da wanda zai shiga ajin. A zaɓo malaman lissafi, kimiyya, Turanci da Larabci ta jarrabawa, ba ta takardar wani babba ba. A ba su gida a cikin makaranta da alawus na musamman, kuma a daina yi wa nagari canjin wurin aiki da zarar sun fara kama ƙasa. Makarantar kwana ba ta tarbiyya idan malami ya kama hanyar gari da ƙarfe biyu.

Na biyu, Barewa ta Arewa ce duka tun asali. Ɗan Barno da ɗan Ilori da ɗan Adamawa a ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. Gowon Kirista ne da ya tashi a Wusasa, Murtala Bakano ne Musulmi, makaranta ɗaya ta rene su (ko da yake hakan bai hana ɗayan kifar da ɗayan a 1975 ba, wannan kuma zancen bariki ne). Jihar da ta sha rikicin addini da ƙabilanci irin tamu ta fi kowa buƙatar wurin da yaron Kafanchan da na Giwa za su tashi tare tun suna 'yan shekara 12. Ka kai maganar gaban takwarorinka gwamnonin Arewa 19, a ware wa kowace jiha kujeru, kowace ta ɗauki nauyin 'ya'yanta.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, BOBA, tana da masu kuɗi da masu faɗa a ji. A ba ta kujeru a hukumar gudanarwa ta doka, mai ikon ɗaukar shugaban makaranta da bin diddigin kuɗi, don kada makomar Barewa ta rataya a kan ko gwamna mai ci tsohon ɗalibinta ne ko a'a.

Sai ƙaramin abu: tsohon ginin kwalejin a Katsina ya zama gidan tarihi. A ware ɗaki a Zariya ma, a tara rajistoci da hotuna da rahotannin malamai, a ɗauki muryoyin dattawan da suka yi karatu a shekarun 1950 tun suna raye.

Ina fatan ganin waɗannan a kasafin kuɗin ilimi na baɗi. Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.