Rahoton Ayyukan Shekara ga Masu Gyaran Waya da Ɗaura Eriya na Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Zaman wata-wata bai yanke ba bana, kuɗin ƙungiya ya shigo daidai gwargwado, kuma mun kai gudummawa ga waɗanda suka yi rashi ko jinya. Allah ya saka wa kowa.

Babban aikin shekarar kuwa ƙorafi ne ya haife shi. An kira mu wani sabon bene mai tagogin gilas: a bakin ƙofa rezo cike, kana shiga sai ya ɗauke. Kwana biyu muna zargin wayoyi, ashe gilas ɗin ne. An shafa masa azurfa siririya don ta kore zafin rana, wato hasken infared da ido ba ya gani, sai ta haɗa da igiyar waya ta tare. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wa zai ce mai gida ya yi laifi?

Wannan ya sa muka gayyato wani malamin kimiyya ya yi mana bita kan abin da ake kira metasafes: shimfiɗa mai ƙananan zane-zane, kowanne bai kai tsawon igiyar da zai sarrafa ba. Da ƙofar injin ɗumama abinci ya fara. Igiyarsa ta gigahaz 2.45 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne) tana da tsawon kusan santimita 12, ramukan ragar da ke jikin ƙofar sun yi mata ƙanƙanta, ba ta iya fita, amma haske na wucewa, kana hango tuwonka. Sannan ya haska rimot a kyamarar waya, almajiranmu suka ga infared yana ƙiftawa, ɗaki ya ɗauki sowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne metasafes mai sauya hali. A 2020 kamfanonin NTT Docomo da AGC na Japan sun gwada gilas garai-garai wanda, in aka ɗan gusa shafi ɗaya, zai bar igiyar gigahaz 28 ta wuce, ko ya maido wani ɓangare, ko ya maido ta duka. Akwai kuma sinadarin VO2 (haɗin ƙarfen vanadium da iskar oksijin), wanda ba ya ɗaukar lantarki sai ya kai wajen digiri 68, nan take ya koma kamar ƙarfe. Hatta ITO, wani sinadari garai-garai mai ɗaukar lantarki da ake irin wannan aiki da shi, yana cikin allon taɓawar da muke canzawa kullum.

Inda muka gaza: har yau ba mu da na'urar auna ƙarfin sigina, aro muke yi. Kwamiti na roƙon a amince da karo-karo domin sayenta a taro mai zuwa, kafin bazara ta shigo.

Sakataren ƙungiya