Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Hamstar Da Amaryata Ke Nema

Aboabo, Kumasi

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Saƙonki ya iso ni, na kuma ji cewa amaryata ta tasa ki gaba da kuka sai an sayo mata hamsta, 'yar dabbar nan mai kama da ɓera da ake kiwo a keji, irin wadda ta gani a gidan ƙawarta a unguwarku ta Madina a Ankara, babban birnin Gana, mai sayarwa kuma ya nuna miki iri huɗu ko biyar har kin rasa ta zaɓa. Tun da kin tuna da shekarun da na yi ina aikin dabbobi kika nemi shawarata, ga abin da na gani.

Idan har za ki saya, ki sayi 'yar Siriya, kuma guda ɗaya tak. Ita ce babbar cikinsu, tsawonta yakan kai santimita 15 ko fiye, saboda haka tana cika hannun yarinya 'yar shekara takwas, ba ta saurin sulɓewa, kuma idan aka bi ta a hankali takan saba da mutum har ta karɓi abinci a tafinsa. Asalinta daga kewayen birnin Halab na ƙasar Siriya ne, inda a 1930 wani masani mai suna Aharoni ya haƙo wata uwa da 'ya'yanta a gonar alkama, kuma galibin waɗanda ake kiwo a duniya yau daga wannan zuriya suka fito. Na san halin 'yan kasuwa, zai ce ki ɗauki biyu domin su riƙa ɗebe wa juna kewa. Kada ki yarda. Wannan dabba ba zomo ba ce, ko a daji kowacce da raminta, kuma da zarar sun tasa sai faɗa ya kaure har ɗaya ta halaka ɗaya. Idan kuwa mace da namiji aka haɗa miki, cikinta kwana 16 ne kacal, kafin ki farga gidanki ya koma kasuwa.

Ƙananan sun fi ɗaukar ido, na kuma tabbata a kansu ran amaryata ya tsaya. Mafi ƙanƙanta ita ce Roborovski, 'yar hamadar Mongoliya da arewacin Sin, wadda da ƙyar take wuce santimita 5. Ta kallo ce, ba ta riƙo ba, domin gudunta kamar walƙiya yake, kuma ranar da ta kuɓuce a gidan haya irin naku, mai kwata a tsakar gida da kyanwar maƙwabta, to, sai dai ki yi wa yarinya ta'aziyya. Akwai kuma Campbell, wadda ke da saurin cizo idan ta tsorata, ga ta da yawan kamuwa da ciwon sukari, ke kuwa kin san yaro ba zai sha mangwaro ko rake ya hana abin kiwonsa ba. 'Yar uwarta da ake wa talla cewa takan koma fara fat lokacin sanyi, gajartar yini ce ke sauya mata gashi a can Saiberiya da Kazakistan, mu kuma a nan dare da rana kusan kai ɗaya suke duk shekara, don haka kada ki ƙara ko sidi ɗaya saboda wannan alkawari. Ita kuwa 'yar Sin tana da wutsiya fiye da sauran, kuma ba na shakka maƙwabciyarki za ta ɗauke ta ɓera ta bi ta da muciya.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Hamsta tana son yanayi tsakanin digiri 18 zuwa 24, Ankara kuwa a watan Fabrairu da Maris takan haura 30 da rana, ga dumso, wato ɗauke wutar lantarki, da ke tsayar da fanka ba sallama. Ki nemi ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, ki sa mata 'yar tukunyar ƙasa da za ta riƙa shiga, ki kuma jingina gorar ƙanƙara naɗe da tsumma a jikin kejin idan rana ta take. Ba a yi mata wanka da ruwa, yashi mai tsabta take birgima a ciki. Kejin ya kai kamar mita ɗaya a tsawo, a zuba shimfiɗa mai zurfi saboda haƙa, ƙafar keken da take gudu a ciki kuma faɗinta ya kai santimita 28 don kada bayanta ya lanƙwashe. Idan ba ki da irin wannan ɗaki, ki haƙura, zan aiko wa amaryata tantabaru biyu daga cikin nawa.

Ki gaya mata abu biyu tun kafin kuɗi su fita. Hamsta barci take yi da rana, sai bayan isha'i take tashi, wanda ya tashe ta da tsaka kuwa ya sha cizo. Sannan ba ta cika wuce shekara biyu zuwa uku a duniya ba.

Ki je saye da yamma lokacin da suke farkawa, ki zaɓi mai idanu garau, ki kuma duba ƙarƙashin wutsiyarta ya kasance a bushe, domin jiƙa a wurin alamar zawo ce da ke kashe ƙananansu cikin 'yan kwanaki. Innarki tana gaishe ku, ta ce a sanar da ke ba za ta kwana ɗaki ɗaya da hamstar ba idan ta zo babbar Salla.

Ni ne,
Mahaifinki