Ganyen da ke faɗa wa gulbi ba shara ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da abin da baƙonku ya faɗa a shirin noma da kiwo na rediyo a daren Laraba, har na kasa haƙuri sai da na rubuto. Wai kifi ya ragu a gulbin Sakkwato ne saboda ganye da ciyawa sun cika ruwa da datti, don haka a sare itatuwan bakin gaɓa. Shi kuma mai gabatarwa ya bi shi da "haka ne, ranka ya daɗe", bai ko tambaye shi hujja ba.

Ni ɗan masunta ne daga Bakura, a bakin wannan gulbi aka haife ni. Tun muna yara mun san inda giyayya da ɓaure suka sunkuyo kan ruwa, nan ake kafa gura, wato tarkon kama kifi, domin nan tarwaɗa da ƙurungu suke kiwo. In ka sa hannu ka ɗebo ganyen da ya kwanta a ƙasan ruwa, za ka same shi ya yi laushi, funfuna ta kama shi, tsutsotsi sun ɓule shi har sai jijiyoyi suka rage. Waɗannan tsutsotsin 'ya'yan ƙwari ne. Wasu su ci ganyen, wasu ƙanana su tace ɗan garin da ya zubo, 'ya'yan mazari su farauce su, kifi kuma ya bi su duka ya cinye. Waɗanda suka tsira su ne ke yin fiffike su tashi da magariba, su yi dandazo a kan fitila. Gawo ma, da yake zubar da ganyensa da damina lokacin da sauran itatuwa ke tofo, yana ba da nasa kason. To wannan ne baƙonku yake kira datti?

Abin da ya kamata ya taɓo shi ne madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978. Dattawanmu har gobe da ita suke auna zamani, kafin dam da bayan dam. Ganyen da ruwa ke ɗaukowa daga sama yanzu a cikin tafkin yake tsayawa, ya nutse can ƙasa inda iska ta yi ƙaranci. A can ba ya ruɓewa da sauri, sai ya zama baƙin laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda kusan jajayen tsutsotsin nan ne kawai ke iya zama cikinsa. Mu da ke ƙasa kuwa, in an rage ruwa, ganyen ya bushe a kan rairayi, 'ya'yan ƙwarin su mutu a rana. In an sako shi da ƙarfi, ya share komai ya wuce. Ambaliyar da ke shiga fadama ta jiƙa ciyawa, kifi ya bi ta ya yi ƙwai, ita ma ta ragu, har shinkafar fadama ta ja baya. Na ga wannan da idona, ba labari aka ba ni ba.

Ban ce dam bai da amfani ba, 'yan uwana da yawa a Talata Mafara da noman rani suke ci da iyalinsu. Amma mutanen ƙauye suna ɗaukar maganar rediyo da nauyi. Wani zai ji shirin nan ya ɗauki gatari, ga masu gawayi dama neman dalili suke yi.

Sannan layin wayar da kuke bayarwa, don Allah a duba shi. Kullum a kashe yake ko ana kan magana, sai tallan maganin gargajiya ya cinye rabin lokacin shirin. Ina roƙo ku kira wani Sarkin Ruwa daga Zamfara ko Argungu ya zo ya amsa wa baƙon nan a mako mai zuwa.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Bakura, Jihar Zamfara