Kyandir a bakin taga: wasiƙar Kirsimeti daga Kok

Kok, ƙasar Ayalan
Daren 25 ga Disamba

Zuwa ga Inna, da Yaya da iyalinsa, da Goggo, da Auta, da duk mai cin tuwo a tukunyar gidanmu.

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Ina gajiyar biki? Yaya sanyin hunturu, yaya kuma ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, sai dai kewarku. Auta, na san kai za ka karanta wa Inna wannan, to ka bi a hankali, kada ka tsallake inda ka ga ya yi tsawo. Na san halinka.

Da safe da muka yi waya hayaniya ba ta bari mun ji juna ba. Na dai jiyo ƙarar kwanoni da muryar yara, na san ana rabon shinkafa ke nan. Ina fata an kai gidan liman da na mai unguwa kamar yadda Baba ya saba, don su ma ba su taɓa ƙetare ƙofarmu da naman layya ba. Abin da na kasa faɗa a waya shi zan rubuta yanzu, tunda na dawo gida kuma barci ya ƙi zuwa.

Inna, kin san yadda rasuwar Baba ta same ni da damina, takardun zamana suna hannun hukuma ana sabuntawa, ba halin fita. Aka binne shi ina kallo ta waya. Abin da na ɓoye miki shi ne, bayan nan na yi wata uku ban taka coci ba. Kada ranki ya ɓaci, ban bar bangaskiya ba, zuciyata ce ta yi nauyi. Misar nan kuma ba ta taimaka mini ba a lokacin. Minti arba'in an tashi. Ba ganga, ba tulu, ba caki, ba Zumuntar Mata da anko suna rangaji zuwa wurin baiko. Yawanci tsofaffi ne, kowa a nasa benci, a amsa addu'a ƙasa-ƙasa kamar ana tsoron tada mai barci. Sai in zauna ina tuna muryar Baba yana jan waƙa a ƙaramin cocinmu ranar da Fada bai samu zuwa ba, in ji kamar in yi ihu. Sai na daina zuwa. Addu'ata ta koma guda ɗaya tak, safe da dare: Ubangiji ka nuna mini alama, in ci gaba da zama a nan ko in tattara kayana in koma gida.

Ni kuwa alamar da nake jira irin ta Goggo ce. Goggo, ki yi haƙuri, amma kowa ya san in kaza ta yi cara ko tafin hannunki ya yi ƙaiƙayi sai kin fassara mana shi kafin la'asar. Na so in yi mafarki in ga Baba ya ce mini yi kaza. Ban yi mafarkin komai ba, in ban da na aiki.

A farkon Oktoba wata abokiyar aikina, 'yar Indiya ce daga Kerala, Katolika ta gaske, ta matsa mini sai na bi motar ikilisiyarsu zuwa wurin ziyara na Uwarmu Maryamu da ke yammacin ƙasar. Ana rubuta sunan garin Knock, amma Nok ake faɗa, kamar garin nan na ƙasar Jaba. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya je can a 1979, shekara uku kafin zuwansa Kaduna a 1982, tafiyar da Baba bai gaji da ba mu labarinta ba, yadda suka kwana a bayan akori-kura don su gan shi. Na ce a raina, to, in akwai inda za a ba ni amsa, nan ne. Kusan awa huɗu muka yi a hanya. Muka isa ana ruwa, muka zagaya da rosari ana ruwa, muka dawo ana ruwa. Abin da na samo shi ne gorar ruwa mai tsarki da mura ta mako guda.

Amma akwai abin da na ji a can wanda ya ƙi barin kaina. A yammacin 21 ga Agusta 1879, mutum 15 na ƙauyen suka shaida cewa sun ga Budurwa Maryamu da Yusufu da Yohanna mai bishara a jikin bangon cocinsu, da Ɗan Rago a kan bagade. Wajen awa biyu suna tsaye cikin ruwan sama suna kallo. Kuma Maryamu ba ta ce uffan ba. Ko kalma ɗaya. Shekarar ta yunwa ce a yankin, ga shi tsofaffinsu ba su manta da babbar yunwar da ta fara a 1845 ba, wadda ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya ta kuma kori wasu zuwa ƙetare. Da farko abin haushi ya ba ni: mutane na cikin wannan hali, a zo kuma a yi musu shiru? Sai wani dare ina juya wata tsohuwa a gadonta a wurin aikinmu na kula da tsofaffi, na tuna zaman makoki na gida. Wanda ya fi sanyaya maka rai ai ba mai dogon bayani ba ne. Ita ce tsohuwar nan da za ta shigo ta ce "ya haƙuri", ta shimfiɗa gyalenta a gefen tabarma ta zauna har rana ta faɗi. Yaya ya gaya mini haka matan Zumunta suka yi miki kwana bakwai. Ni ce ban samu wannan zaman ba, ashe shi nake nema.

A nan watan Nuwamba na matattu ne sosai, sun riƙe shi da muhimmanci fiye da yadda na zata. Ana ajiye ambulan a bakin ƙofar coci, kowa ya rubuta sunayen nasa da suka riga mu, a ajiye gaban bagade har ƙarshen wata. Akwai kuma Misa guda da ake kiran sunan duk wanda ya rasu a cikin shekarar, a kunna masa kyandir. Abokiyar tawa ce ta kai sunan Baba ba tare da ta tambaye ni ba, sannan ta zo ta ce in ban je ba ita za ta tashi ta kunna kyandirin, mutane su ɗauka ubanta ne. Dole na je.

Inna, shekara uku ina ƙasar nan ban taɓa jin Bature ya faɗi sunan gidanmu daidai ba. A wurin aiki har na haƙura, duk yadda aka murɗe shi amsawa nake. Daren nan wani tsohon Fada ne ke karanta sunayen, yana dogara sanda, muryarsa tana rawa. Da ya iso kan na Baba sai ya ɗan tsaya, ya faɗe shi tiryan-tiryan, da ƙaf ɗinsa da komai, kamar mutumin Zariya. Ƙafafuna suka mutu. Da ƙyar na kai gaban bagade.

Bayan Misa ana shan shayi a zauren ikilisiya, abin da ban taɓa tsayawa yi ba. Ina tsaye a lungu sai ga shi ya tako, ya dube ni ya ce: "Sannu da rashi, 'yata. Allah ya ba shi hutawa." Da Hausa, Inna! Kukan da ban yi ba tun damina a nan na yi shi, a gaban mutane, da kofin shayi a hannu. Bai ce in yi shiru ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni har na gama.

Ashe ɗan ƙungiyar SMA ne, masu bishara a Afirka, waɗanda suka buɗe mishan a Shendam tun 1907 suka kuma yi aiki a ƙasar Kaduna da Zariya shekara da shekaru, har Akbishop Peter Jatau ya karɓi ragama daga hannun ɗayansu a 1975. Babban gidansu na ƙasar nan a Kok ɗin nan yake, ni ina zaune kusa ban sani ba. Ya ce ya yi sama da shekara talatin a wajenmu, yana yawon ƙauyuka a kan babur. Hausarsa ta da ce, har da sule da sisi yake lissafi. Ya tambaye ni nawa mudun dawa yanzu, da na faɗa masa sai ya riƙe baki ya ce "Kai!" Daga baya ya sa aka kai ni maƙabartarsu a unguwar Wilton, na bi layin kaburbura ina tunanin nawa ne a cikinsu suka sha furarmu, suka yi fama da zazzaɓinmu. Yanzu kuma abin ya juya, Fadoji 'yan Najeriya ne ke riƙe da wasu ikilisiyoyin ƙasar nan saboda nasu sun tsufa.

Na san abin da Goggo za ta ce, cewa Baba ne ya aiko shi. Na kuma san abin da Baba da kansa zai ce, don na sha jin yana faɗa wa 'yan ajin katikisma cewa ba kowane tsuntsu da ya yi kuka a kan danga ne aka aiko da saƙo ba. Mai hankali zai ce garin cike yake da tsofaffin Fadojin da suka yi Najeriya, dole wata rana in ci karo da ɗaya. Haka ne, ban musa ba. Amma shekara uku ina wucewa ta gabansu, kaina a sunkuye, ina fita coci kafin a gama waƙar ƙarshe. Da abokiyata ba ta kai sunan nan ba, da ban tsaya shayi ba, da har yau ina nan ina jiran mafarki. Jiya a Misar dare da aka karanta labarin makiyaya na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: alamar da mala'ika ya ba su jariri ne naɗe da zane a komin dabbobi. Makiyayi kuwa me ya fi gani a duniya in ba komin dabbobi ba? Sai da suka tashi suka je suka leƙa.

Tun daga Nuwamba na koma zuwa Misa, na kuma shiga masu haɗa shayi. Na gano tsofaffin nan da nake ganin kamar ba ruwansu da kowa sun daɗe suna lura da ni, kunya ce irin tasu ta hana su magana. Wata a cikinsu, mijinta ya rasu bara, ita ta koya mini al'adar kyandir. A daren jajibirin Kirsimeti suna kunna kyandir su ajiye a bakin taga, wai don Maryamu da Yusufu, da duk baƙon da ke neman masauki, su san akwai wuri a gidan. Ta ce a gidansu har da 'ya'yan da suka tafi Amurka da Ingila neman abinci ake kunna wa. Ta kawo mini guda ja, babba. A watan nan rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, ƙarfe huɗu da rabi kuma duhu ya rufe, don haka da na taso aiki jiya na bi layinmu ina ganin wuta taga bayan taga. Na shiga na kunna nawa. Ban san wa nake kira da shi ba, ko Baba, ko ku, ko ni kaina.

Yau na yi aikin safe, muka ci abinci tare da tsofaffin da muke kula da su. Talotalo ne da naman alade da dankalin turawa iri biyu, ba yaji ko na magani. Da yamma matar nan da ta ba ni kyandir ta ja ni gidanta, na tafi da cincin ɗin da na soya da ɗan yajin da ya rage mini. Jikanta ya ɗanɗana yajin, ya sha ruwa kofi uku. Yaya, ga wata al'adarsu da zan so a ara: ranar 6 ga Janairu Kirsimetin mata ce, a Kok ba sa wasa da ita, mata su fita shaƙatawa maza su yi girki da wanke-wanke. Ka fara shiri, na gaya wa matarka.

Maganar zama ko dawowa, ba wanda ya ba ni amsa, na dai daina jin kamar ana kora ta. Zan ƙara shekara, saboda makarantar Auta da rufin ɗakin Inna. Takarduna sun fito, na kuma nemi hutu a watan da Baba zai cika shekara, in Allah ya yarda da ni za a yi Misar tunawa da shi. Kuɗin da na turo wa Yaya ranar Litinin, a cire na maganin ƙafar Inna tukuna, a ba matan Zumunta wani abu su sayi sabulu, a ce musu 'yar katikis ta gode da zaman da suka yi a madadinta. Kada a sayar da masarar nan yanzu, a jira ta yi daraja.

Sai roƙo biyu. In an sami mai zuwa, a aiko mini da daddawa da kuka, har da ɗan ƙari, don tsohon Fadan ya ce rabonsa da miyar kuka ya fi shekara ashirin, na kuma yi masa alkawari. Na biyu, Auta, ka je wurin Kawu ka tambaye shi sunan katikis ɗin da ya riga Baba a cocinmu, da sunan da mutanen gari suka laƙaba wa Baturen Fadan da ke zuwa a kan babur lokacin suna yara. Tsohon ya ce yana jin ya taɓa kwana a ƙauyenmu, a wani ɗaki kusa da rijiya, amma ƙwaƙwalwa ta fara yi masa gardama. Ka turo mini kafin Lahadi, don ranar zan gan shi.

A gaishe da kowa da kowa, har da waɗanda ban ambata ba. Inna, ki sa mini albarka.

'Yarki