Gidajen da Suka Ƙi Sayuwa a Kano: Laifin Ba na Rashin Kuɗi Kaɗai Ba Ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku domin in yi magana da masu gidajen da aka sa a kasuwa suka ƙi sayuwa, musamman a nan Kano, inda duk wanda ya zauna a rumfar dillalai zai ji koke iri ɗaya, wato gida ya shekara a hannu, masu zuwa dubawa ba sa yankewa, amma ko tayi babu mai yi. Amsar da aka saba bayarwa ita ce babu kuɗi a gari. Akwai gaskiya a ciki, sai dai a unguwar da wani gida ya kwana biyu yana jiran mai saye, a nan ne ake sallama wani cikin mako guda, don haka ya kamata mai gida ya nemi bambancin da ke tsakanin gidajen biyu.

Ba na musun matsin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ya saba ajiye ribarsa a gida ko fuloti ya koma yana neman ninkin jarinsa kafin ya cika shago. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024, Babban Bankin Nijeriya kuma ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5. Mu kuwa a nan da tsabar kuɗi ake sayen gida. Rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, mai ruwan kashi 6, yawanci ma'aikatan albashi yake isa, mutane da dama kuma suna guje masa saboda riba. Ke nan mai saye mutum ne da ya tara kuɗinsa da gumi, irinsa ba su da yawa, gidajen da ke gabansa suna da yawa, kuma ƙaramin abu ya isa ya sa ya juya.

Abu na farko da ke korar sa shi ne farashi. Mai gida yakan yi lissafinsa a kan siminti. Zai ce buhun da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024, rodi da kwano sun bi sahu, saboda haka da yau zai gina gidan, kaza zai kashe. Lissafin daidai ne, amma mai saye ba siminti ya zo saye ba. Yana kallon unguwa, da faɗin layi, da ko mota tana shiga, da inda ruwa yake bi da damina. Wanda ya kashe kuɗin gidan Nassarawa, unguwar masu hali, a lungun da Adaidaita ba ya iya juyawa, kasuwa ba za ta biya shi abin da ya kashe ba. Haka kuma kuɗin da maƙwabci ya sa wa gidansa ba hujja ba ne, domin sa kuɗi daban, sallamawa daban. Abin da ya kamata mai gida ya bincika shi ne gidajen da aka riga aka sayar a yankin kwanan nan da abin da aka biya a zahiri, kuma mai unguwa da shaidun ciniki sun san wannan. Idan gidan babba ne, kuɗin da za a ba ƙwararren mai kimanta kadara ba asara ba ne. Wanda ya ƙi tayin bara yana jiran ƙari, ya tuna cewa nairar bana ba ta sayen abin da ta bara ta saya, ga kuma gidan da ba kowa yana lalacewa, ɓata-gari suna cire wayoyi da famfo.

Sai kuma dillalai, waɗanda ba na ƙin sana'arsu, domin da yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Matsalar ita ce yadda mai gida yake ba duk wanda ya gaishe shi cigiya. Wannan ya faɗa wa wancan, kowa ya ɗora nasa a sama, kafin labari ya isa kunnen mai saye gidan miliyan 30 ya zama na 38. Na taɓa raka wani ɗan'uwana duba gida, muka tarar da mutum biyar a ƙofar soro kowa yana cewa shi ne a kan gidan, farashin da aka gaya mana a waya daban, wanda muka ji a tsakar gida daban, kuma da muka nemi ganin mai shi aka ce ya yi tafiya. Ɗan'uwan nawa bai ko leƙa ɗakunan ba. Mai gida ya ba dillali ɗaya ko biyu amana, a rubuta farashi da la'ada da wa'adi, kuma ya yarda ya zauna da duk wanda ya yi tayi na gaske. A kuma daina kawo ɗan taya na ƙarya don a tsorata mai saye, domin wannan shi ne najashin da Manzon Allah (SAW) ya hana.

Inda ciniki ya fi mutuwa, a ganina, shi ne wajen takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, sashe na 22 kuma ya wajabta neman amincewarsa kafin mai satifiket, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, ya mayar da haƙƙinsa ga wani. Mutanenmu ba su cika bin wannan ba. Za ka ga gida ya wuce hannu huɗu, satifiket yana ɗauke da sunan mutumin farko wanda wataƙila ya rasu, abin da ke hannun mai sayarwa kawai takardun ciniki ne da sa hannun shaidu, wata ma ta ɓace a tsakiya. A unguwannin awon igiya kuwa, sau da yawa babu komai sai takardar mai unguwa. A da ana saye a haka bisa yarda. Amma tun rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a watan Yunin 2023 a wurare irin su Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, masu kuɗi suka shiga taitayinsu, ga kuma tsohon tsoron 'yan damfara, wanda ya sa ake rubutawa a bango cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Yanzu mai saye da lauya yake zuwa. Maimakon mai gida ya jira lauya ya bankaɗo gibin, ya riga shi zuwa KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta Jihar Kano, ya duba fayil ɗinsa, ya biya bashin kuɗin ƙasa, ya nemo izinin ginin da hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ta bayar in akwai, ya jera takardun ciniki tun daga na farko. Idan babu satifiket, ya faɗa tun farko kuma farashin ya nuna hakan.

Gidan gado yana da nasa ciwon. Babban wa yakan sa gida a kasuwa alhali ƙanwarsa da ke aure a wani gari ba ta sani ba, ko akwai marayu ƙanana da ba a tsayar musu da waliyyi ba. Mai saye mai hankali ya san cewa a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya kuɗin ya karɓi kason da aka sayar wa bare. Babu mai son ya biya miliyoyi sannan ya fara zaryar kotu. Magada su fara raba gado a gaban alƙali ko su rubuta yardarsu gaba ɗaya, su wakilta mutum ɗaya, kafin a kira dillali.

Game da jikin gidan, gyaran da ake buƙata ba mai yawa ba ne: a share, a kwashe shara, a yashe kwata, a toshe yoyo, a canja silin da ruwa ya ɓata, a biya bashin wuta. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne shafa fenti a kan bangon da kanwa ta ci. Mai saye yana zuwa da magini, maginin ya ƙwanƙwasa ƙasan bango da makulli, fulasta ta zubo, daga nan kuma duk abin da mai gida ya faɗa ya zama abin zargi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana aibi, ana sa albarka a cinikinsu. Idan akwai ɗan haya a ciki, a sanar da shi cikin mutunci a kuma ba shi wa'adinsa, domin ɗan hayan da aka ɓoye wa magana shi ne zai fara lissafa wa baƙo aibin gidan.

Wanda ya yi duk wannan kuma tayi bai zo ba, akwai musaya, wadda aka saba da ita a Kano, a karɓi fuloti ko ƙaramin gida da cikon kuɗi. Akwai biya kashi-kashi, matuƙar lauya ya rubuta wa'adi kuma takardun asali ba su bar hannun mai gida ba sai an kammala. Gida mai faɗi ana iya raba shi biyu in tsarin gari ya amince, domin masu neman ƙaramin gida sun fi yawa. In kuwa mai gida ba ya cikin matsi, ya janye shi daga kasuwa ya sa ɗan haya na shekara guda, ya yi amfani da wannan lokaci wajen kammala takardunsa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Kano.