Hunturu ya cinye min ƙwan tarwaɗa

Samaru, Zariya

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Mu nan hunturu ya sauka da ƙarfinsa, da asuba ko alwala sai an ɗumama ruwa.

Ka tambayi labarin kifayena. To, makon jiya na tafka asara. Da daddare na yi wa uwar tarwaɗa allurar da ke sa ta saki ƙwai, gari na wayewa na matse ƙwanta, na gauraya da ruwan namiji, na shimfiɗa a kan raga cikin bahon ruwa. Ashe ruwan da na zuba ya kwana a tankin sama, iska tana kaɗa shi. Sai daga baya na tsoma ma'aunin zafi, na ga digiri 19. Washegari ƙwan nan mai sheƙi ya koma fari fat. Kafin kwana biyu fumfuna ta lulluɓe shi kamar auduga, har ta kama 'yan masu ran da ke kusa. Wari kuwa ba a magana, sai da maiɗakina ta ce in fitar da bahon bayan gida.

Ka ga kaza kwanciya take yi a kan ƙwanta. Tarwaɗa zubarwa take yi ta kama gabanta, ɗumin ruwa ne ke yin renon. A digiri 28 zuwa 30 ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya. In ya sauka zuwa 25 sai an ƙara sa'o'i ana jira, kuma jiran nan shi ke ba fumfuna sarari. Zafin ma in ya yi yawa illa ne, don ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, wasu 'ya'yan su fito a lanƙwashe. Ko a kogin Galma ai da damina take zuba ƙwai. Ni ne da zalamata na tilasta mata a Janairu.

Yanzu na rufe ɗakin da leda, ina jan ruwa kai tsaye daga burtsatse, tunda na ƙasa da ɗuminsa yake fitowa. Ranar Asabar zan sake gwadawa, ma'auni kuma yana rataye a bakin baho, tsakar dare ma zan tashi in duba.

In ka ga hita ta cikin ruwa mai araha a wajenku, don Allah ka aiko min. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
abokinka na Samaru