Bayanin kwamitin gyaran daɓen masallacinmu

Assalamu alaikum jama'ar unguwa, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu. Tun da aka gama aikin nan ake ta tambaya, wasu a gabanmu wasu a bayan ido, wai ina kuɗin da aka tara suka shiga tunda ba a ga tayil ba kuma ba a ga sabon kafet ba. Tambayar tana kan hanya domin kuɗin ku ne, shi ya sa muka zauna muka rubuta wannan, kuma littafin ma'aji da duk rasit suna nan a wajen Malam Ladan, duk mai so ya je ya duba bayan kowace sallah.

Kowa dai ya san halin da tsohon kafet ɗin yake ciki, wari da ƙura, ga dattawa masu asma suna ta korafi, sai aka yanke a cire shi. Mun je kasuwar Ƙofar Ruwa mun ji farashin tayil, cikin masallacin mita 8 ne a 10, wato sai mun sayi kwali 56 na babban tayil mai 60 a 60 banda wanda zai fashe wajen yanka, banda siminti da kuɗin mai sakawa, abin da ke hannunmu ko kusa bai kai ba. Ledar ɗaki tana da arha amma da wuya ta shekara a wurin da ake shiga sau biyar a rana da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Fenti kuma ɓarewa yake. Sai muka tsaya a kan jan daɓe irin na da, siminti da garin jan kala, mu yi da hannunmu, a shimfiɗa tabarmi a kai.

To ga inda lissafi ya canza. Mu a tunaninmu faci kawai za a yi, buhu 8 na siminti muka rubuta. Ranar da matasa suka naɗe kafet ɗin wallahi duk wanda yake wurin ya ga abin da muka gani, bayansa ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, gam ya kama ƙasa sai da shebur ake kankarewa, kuma daɓen sahu na farko da na biyu in ka taka da dunduniya sai ya marmashe kamar garin kwaki. Baba birkila da ke bayan masallaci ya ce kar mu yi gaggawa, ya yanko leda kamar faɗin tire ya manna a ƙasa da salatif ya ce a bari ta kwana. Da asuba muka ɗaga, cikinta duk raɓa. Ma'ana danshi daga ƙasa yake tasowa, ga wurin alwala jingine da bangon, shekara da shekaru ruwa na tsuma ta ƙarƙashi kafet ya rufe ba wanda ya sani. Duk abin da muka ɗora a kan wannan ƙasar, tayil ne ko kafet na miliyan nawa ne, haka zai lalace. Dole muka fasa daɓen gaba ɗaya da diga, aka kwashe, aka daddaɓe ƙasar, aka shimfiɗa baƙar leda mai kauri baki kan baki har ta ɗan hau bango, sannan aka zuba sabon daɓe mai kaurin inci 2, kowane buhu da hedifan 8 na yashi. Buhu 30 ya ci, da yashin da aka kawo a tifa. Masu cewa ba su ga kuɗi ba, kuɗin yana ƙarƙashin ƙafarku, ba zai ganu ba sai dai in damina ta zo ku ji babu warin nan.

Sai maganar buhu 10 da aka ƙaro, wadda ita ce ta fi jawo surutu, kuma ba za mu ɓoye ba laifinmu ne mu 'yan kwamiti. Lokacin hunturu muka yi aikin, iskar nan tana shanye ruwan siminti tun kafin ya kama, kuma ƙa'ida sai an yi kwana 7 ana ba shi ruwa safe da yamma an rufe shi da buhunan da aka jiƙa. Mun raba kwanakin a tsakaninmu amma rana ta biyu famfo ya ɗauke, wanda ke da alhakin ranar ya ɗauka wani ya kira 'yan garuwa, wanin ma haka, aka wuni aka kwana ba ruwa. Washegari kuma baƙi matafiya suka ga ƙofar gefe a buɗe suka shiga suka yi asuba a ciki, su ba su san komai ba. Ɓangaren ƙofar ya tsattsage, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana ƙara kamar ganga. An yi muhawara sosai, wasu suka ce a rufe da tabarma wa zai gani, mu kuwa muka ce ai rufewar ce ta kawo mu inda muke. Muka fasa kusan kashi ɗaya cikin uku muka sake. Kuma kun san yadda siminti ya koma tun tashin da ya yi a farkon 2024 lokacin da buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, ba abu ne da mutum zai ƙaro buhu 10 da son ransa ba. Kuɗin 'yan garuwa na zagaye na biyu daga aljihunmu muka biya, ba mu taɓa asusun masallaci ba, yana rubuce a littafi.

Wanda ya ce an ba ɗan'uwan wani kwangila, Allah ya sani babu kwangila a aikin nan. Mutum ɗaya aka biya, mai gogar saman daɓe, domin yayyafa jan kala da shafe shi da cokalin gini tun daɓen yana ɗanye sai mai hannu, in ka makara ya bushe shikenan. Shi ne ma ya ba da shawarar a ja igiya a danna ta a kan ɗanyen siminti, layin sahun da kuke gani yanzu ke nan, ba fenti ba ne balle ya goge.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu mai shagon kayan gini, wanda ya hana a ambaci sunansa, shi ya ba da ledar gaba ɗaya kyauta, ya ba mu siminti bashi ba tare da ya ƙara ko sisi ba, kuma da ya ji labarin tsagewar da kansa ya turo buhu 4 a keken Adaidaita Sahu tun kafin mu je wurinsa. Allah ya gina masa gida a Aljanna, ya jiƙan mahaifansa. Iyayenmu mata na Islamiyya da suka kawo kuɗin adashensu suka kuma riƙa aiko da kunu da ƙosai, Baba birkila da ya bar aikinsa na kwana uku bai karɓi komai ba, mai unguwa da ya ba mu ƙofar gidansa muka yi ta sallah har aka gama, da matasan da hannunsu ya yi kanta wajen diga da tura baro, Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Amma fa aiki bai ƙare ba. Ɓangaren mata har yanzu tsohon daɓen ne, an cire kafet an bar su a kan tabarma da ƙura, kuma wurin alwalar da ya jawo duk wannan ba a taɓa shi ba, in damina ta same mu a haka ruwan zai ci gaba da cin gindin bangon. So muke a fitar da kwata ta yi waje, a yi wa wurin daɓe da fasassun tayil, ana samunsu da arha a buhu kuma yawan layin siminti a tsakaninsu yana rage santsi. Dan Allah duk wanda ya yi gini ya rage guntayen tayil ko rabin buhun siminti kar ya raina, ya kawo. Akwai kuma sauran bashin buhu 6 a kanmu. Mai kuɗi ya ba ma'aji hannu da hannu ya karɓi rasit, wanda ba shi da kuɗi muna neman mutum bakwai da za su ɗauki ban ruwa, kowa da ranarsa, a rubuta suna wajen Malam Ladan kafin Juma'a.